Haddar Malam Mode

Da a ce Ikilima ta san irin tsoron mantuwa da ke cin mahaifinta, da ba ta ba shi wannan amana ba.

Malam Mode mahauci ne a Ƙofar Rini. 'Yarsa Ikilima kuwa jakunkunan fata take sayar wa mutanen ƙasashen waje, su biya ta da kuɗin kirifto, wato kuɗin intanet da take tarawa a asusu cikin wayarta. Da su take shirin komawa karatu.

Wata rana ta zaunar da shi ta ce, "Baba, asusun nan ba banki gare shi ba. Makulli gare shi, kalmomi sha biyu na Turanci. Duk abin da za a tura, da su waya ke sa hannu, dubban kwamfutoci su tantance. Ba a iya jabunsa. In wayata ta ɓace, su za su mayar mini da komai. Ka haddace, kar ka rubuta."

Bai rubuta ba. Ya haddace tsaf, ko da yake bai san ma'anar ko ɗaya ba.

Sai damuwa ta kama shi. In ya tsallake kalma fa? Tun yana makarantar allo ya san hadda ba ta zama sai da mai sauraro. Don haka bayan la'asar ya nufi majalisarsu, inda Zayyanu tela da Ƙasimu dillalin shanu ke shan shayi.

"Ku riƙe mini, in na yi kuskure ku gyara."

"Mode, mi ya kai ka boko da furfura?" in ji Zayyanu.

"Kai dai saurara, mai ɗinka wando ƙafa guda."

Kullum sai ya biya musu haddar. Ba a daɗe ba Ƙasimu ya fara yi masa gyara, mai shayi na ja masa baki, har masu jiran ɗinki na amsawa. Hankalinsa ya kwanta. Ko yau ya faɗi ya mutu, dukiyar yarinya ba ta salwanta.

Wata safiya Ikilima ta fito da waya, ta nuna masa. Asusun wayam.

"To a kai ƙara!" in ji Malam Mode. "Wani ya yi jabun sa hannunki."

"Ba jabu ba ne, Baba. Sa hannun daidai yake, da makullina aka yi. Ni da kai kaɗai munka san shi."

"To ki ce musu ba ke ba ce."

"Babu wanda za a ce wa."

Ta dube shi. Ya dubi takalmansa.

Da la'asar ya je majalisa kamar kullum. Zayyanu ya matsa masa a benci, Ƙasimu ya miƙo shayi yana cewa, "Malam, yau ba hadda?"

Ya karɓi kofin. Tun suna yara suke tare, su ne suka ɗauki gawar mahaifinsa. Har yau bai san ko ɗayansu ne ba, ko mai shayi, ko wani da ya tsaya jiran ɗinki.