Man Kwakwa a Fatar Teku

Kwana tara Vasemaca tana tsibirinsu tana jiran iska ta lafa. Sai ana gobe jirgin da zai mayar da ita jami'a a birnin Suva zai tashi, teku ya kwanta luf.

Abin da ta zo ɗiba fatar teku ce, ɗan maiƙon nan na saman ruwa da bai kai kaurin silin gashi ba, amma duk iskar da za ta shiga teku ko ta fita sai ta ratsa shi. Aikin sai mai haƙuri: ta tsoma faifan gilashi, ta zaro a hankali, ta kankare abin da ya manne cikin kwalba. In kwalbar ba ta cika yau ba, digirinta sai baɗi.

Kawunta Waisake ne mai kwalekwalen da ta hau. Tun da dattawa suka hana kamun kifi a wannan gaɓa bisa shawarar jami'arta, ko kallon arziki ba ya yi mata. Uwarta ce ta matsa masa ya fito da ita.

"Kawu, don Allah kada ka ta da inji. Ɗigon mai ɗaya zai ɓata komai."

"To, likitar ruwa. Numfashi fa, an yarda in yi?"

Ta ci gaba da tsoma gilashinta. Rana ta ɗaga, kafaɗunta suka yi tsami, kwalba ta kusa cika.

Can ta ji "furr!" a bayanta. Ba ta waiga ba, ta zaro gilashin ta kankare cikin kwalba, sannan ta lura ruwan ya yi sumul, har duwatsun ƙasa ana gani tar. Ta waiga da sauri. Kowane ɗan tsibirin ya san dabarar: masunci ya tauna kwakwa ya fesa, man kwakwar ya kwantar da ruwa, ya hango ƙasa. Ga Waisake ya leƙa, yana ta tauna abinsa.

Ta ɗaga kwalbar, mai na yawo a samanta. Daga gabas kuma iska ta fara taso da ruwa.

"Kawu, me na yi maka?"

"Kifi nake kallo. Ko kallon ma kun hana?"

"Sai da na gaya maka! Da gangan ka yi!"

Ya tofar da tuƙa, ya dube ta ido cikin ido.

"Wata bakwai jikokina na cin kifin gwangwani, ga teku a ƙofar gida. Ke kwalba ɗaya kika rasa kike min ihu?"

Da hannunta ta juye kwalbar a ruwa, shi kuwa ya fizgi igiyar inji.