Sifikun da Na Naɗa a Shekarar Yunwa

Gariba ya tsayar da tasinsa a bakin rumfata ta gyaran rediyo a Zogbeli, cikin Tamale, ya buɗe but ɗin motar. Sifiku biyu ne manya, irin masu dukan ƙirji, da amfilifaya, na'urar ƙara sautin da ya rungumo daga Legas lokacin da aka koro 'yan Gana. Ita kaɗai ya fito da ita. Ko katifa bai ɗauko ba.

"Baba Seidu, haɗa mini. Asabar akwai suna a Nyanshegu, motata ce za ta yi kiɗa."

Tare yake da maƙwabcinsa Ticha Tetteh, riƙe da takarda.

"Masta, na gama lissafi," in ji Ticha. "A awon lantarki, amfilifaya om huɗu take so. Kowace sifika takwas ce, ga shi a rubuce a bayanta. A haɗa wayoyinsu ja da ja, baƙi da baƙi, sai su koma huɗu."

Ban yi boko ba, amma lissafinsa daidai ne. Sai na juya sifika ɗaya, na ga baƙin gam ɗin facin taya a gindinta. Duk Tamale mutum ɗaya ne ya taɓa liƙa sifika da wannan gam: ni.

A tamanin da uku, shekarar yunwa, wani mai hayar kayan kiɗa ya kawo mini su a ƙone. Wayar naɗi babu ko a Kumasi. Na warware ta wata tsohuwar fanka, ga kauri, ga shi tsawonta bai kai ba, na naɗa haka nan, na ce masa sabuwa ce daga Lome. Masara ya ba ni, muka ci. Takwas ɗin nan a fenti kawai ta rage. In sun kai huɗu, sun yi ƙoƙari. A haɗa su yadda Ticha ya ce, su koma biyu, amfilifaya ta dafa kanta kafin a raba goro, kuma babu kayan gyaranta a garin nan.

Da na yi shiru, zafin but za a zarga. Mutum uku ne zaune a bencina da rediyoyinsu, har da Hajja Bintu mai koko, wadda bakinta ya fi gidan rediyo nisa.

Na dubi Gariba. Gefen rigarsa yake goge amfilifayar da shi.

"Ba takwas ba ne," na ce.

"In ji wa?" Ticha ya buga takarda. "Kamfani ne ya rubuta."

"Kamfani bai san wayar fanka ba. Ni na naɗa su."

Na faɗi sauran, ban rage ba.

Hajja ta gyara mayafi. "To Seidu, abin da ka sa mini a rediyo bara, shi ma ɗan Lome ne?"

Aka yi dariya, ba irin wadda nake so ba.

Na haɗa su a jere, waya ta shiga ɗaya ta fita ta faɗa ɗayar, don kada amfilifaya ta wahala. Gariba ya tura kaset. Kiɗa ya fito, amma a ladabce.

"Haba Baba! Wannan ko kaji ba zai kora ba."

"Ƙure ta, ka sa hannu."

Ya ƙure, muka tsaya har waƙa uku. Ya dafa ta, ɗumi kawai. Bai yi godiya ba, ya rufe but a hankali ya ja mota.

Hajja ta ɗora rediyonta a ka, ta ce akwai wani mai gyara a Gumbihini. Sauran biyun suka ce ta jira su.