Jirgin da Aka Hana Mu Wankewa

Shekarar da na ajiye tuƙin bas, matata ta ce in nemi abin yi, don ta gaji da ganina a gaban talabijin. Haka na shiga ƙungiyar 'yan sa-kai masu kula da jirgin ruwan garinmu.

Jirgin kwaikwayo ne na irin waɗanda kakanninmu suke loda wa shinkafa su kai Osaka. Katako ne zalla, da dogon ginshiƙi a tsakiya, da ƙaton ƙyallen da iska ke turawa. Majalisar gari ce ta sa aka ƙera shi, aka yi biki aka saka shi a ruwa, aka ɗaure a gaɓa. Tun daga ranar bai je ko'ina ba.

Shugabanmu Kuramochi ne, tsohon manajan shagon firiji da injin wanki. Ko kwalekwale bai taɓa tuƙawa ba, amma Kyaftin muke ce masa, in kuwa ka yi kuskure ka ce Kuramochi-san, wato Malam Kuramochi, sai ya zama kurma. Tsabtarsa ta zama ciwo. Kowace Asabar muna gama goge-goge zai sa farar safar hannu ya bi katako yana shafawa.

"Terauchi-san," zai ce mini, yana nuna ɗan yatsa, "a bas ɗinka haka kake barin ƙura?"

Mutum ɗaya ce take iya mayar masa da magana, Fusae, wadda ta yi shekaru tana dafa abinci a makarantar firamare. Rabin garin sun ci shinkafarta, saboda haka ba ta tsoron kowa.

"Kyaftin," takan ce, "jirgin nan fa ba aurensa za a yi ba."

Wata bazara masu shirya fim suka zo. Darakta wani matashi ne mai suna Nishiwaki, gashi har kafaɗa. Mun kwana biyu muna shafa mai don zuwansa, jirgi yana ta walƙiya. Ya hau, ya zagaya, ya dafe kai.

"Kawu, wannan ai kabad ne sabo fil daga shago. Ni jirgin da ya sha wuya a teku nake nema. Sai an tsufar da shi."

"A tsufar da shi yaya?" in ji Kyaftin.

"A ɓata shi. Baƙin hayaƙi, tabo, kashin tsuntsaye."

Fuskar Kyaftin ta yi ja. Ya ce muddin yana numfashi ba mai ɗiga ko ruwan shayi a katakon nan. Nishiwaki ya ƙura masa ido, can ya karkata kai ya ce, "Kawu, ɗan juya gefe. Kai! Wannan fuska! Ina neman dattijon da zai riƙe sandar tuƙi a fim ɗin, ashe ga shi a gabana."

Washegari Kyaftin ne ya fara isowa, da bokiti biyu na tsohon shayi.

Ban taɓa ganin ɓarna mai tsari irin wannan ba. Ya raba mu rukuni-rukuni. Ni aka ba ni sarƙa in riƙa dukan katako, Fusae ta haɗa toka da miyar waken soya tana yaɓawa, wani tsohon likitan haƙori aka ɗora masa kashin tsuntsaye, da farin fenti da ɗan buroshi. Safar hannun ma ba a ajiye ta ba. Yanzu in ya shafa ta fito fara, faɗa ne.

"Wa ya yi wannan gefen? Dubi yadda yake ƙal! Ba ku da kishi ne?"

Fusae ta ce, "Kyaftin, da ka faɗa mana tun farko haka kake so, ai da mun kawo jikokinmu sun gama aikin kafin azahar."

Ranar ɗaukar fim aka sa masa tsumma da takalmin ciyawa, aka ɗaura masa ƙyalle a ka. Ya riƙe sandar tuƙi, ya ɗaga haɓa. Sai Nishiwaki ya ce an ɗan sauya labarin: 'yan fashin teku sun riga sun hau jirgin, matuƙi ya mutu. Aka kwantar da Kyaftin rubda ciki a kan katakon da ke warin miya, tun safe har rana ta karkata, jarumin fim yana tsallake shi. Da aka ce a huta, ya ɗago ya tambaye ni, "Yaya kwanciyar? Ta yi kama da ta wanda ya yi faɗa kafin ya faɗi?"

Na ce ta yi.

Da fim ya fito muka taru a zauren ƙungiya da dunƙulen shinkafa da giya. Ƙafafunsa kawai aka nuna. Ya tashi ya rusuna, muka tafa.

Mun ɗauka an gama, har mun sayo sabulu. Sai baƙi suka fara zuwa mota-mota daga birane, kowa yana son hoto da jirgin fim. Wani jami'i ya zo daga majalisa ya yi mana godiya, sannan ya sanar da mu cewa daga yau dattin nan dukiyar gari ne, ba a yarda a wanke ba. In ya dushe, aikinmu ne mu sabunta shi.

Matsalar ita ce tsuntsayen teku ba su san da umarnin ba. Nasu kashin na gaske yana cin katako, dole a kankare. Na likita kuwa haramun ne a taɓa. To likitan ya ƙware har ba a bambancewa. Kowace Asabar sai ka ga dattawa a durƙushe, tabarau a karan hanci, ana musu a kan tabo ɗaya.

"Nawa ne wannan," in ji likita. "Na gane hannuna."

"Sunsuna ka ji," in ji Fusae.

Wata rana ta kankare wa likita wanda ya fi alfahari da shi, a kusa da sandar tuƙi. Ya yi fushi ya daina zuwa, sai da Kyaftin ya je har gida da kwalin kek ya ba shi haƙuri.

A ƙarshen damina guguwa ta taso daga teku, ta yini tana zuba ruwa. Da ta wuce muka je duba jirgi. Igiyoyi lafiya, ginshiƙi lafiya, amma toka da miya da shayi duk sun tafi. Katako ya fito fes. Kyaftin ya tsaya a gaɓa yana kallon jirgin. Na matsa kusa da shi, na ɗauka daɗi yake ji.

"Terauchi-san," ya ce a hankali, "motocin baƙi za su iso ranar Lahadi. Me za mu nuna musu?"

Jami'in majalisa ya bugo waya yana tambayar girman asarar. Kyaftin ya ce babba ce, amma ƙungiya za ta tsaya tsayin daka. Ya aike ni gidajen cin abinci in roƙo ragowar shayi, Fusae kuma ta tafi gida hura wuta don a sami toka.