Harawar Maccido

Da jakin Maccido ya mutu, bai tsaya neman dalili ba, don yana da shi a aljihu: ƙanensa Shu'aibu. Ba da shi ne suka yi sa-in-sa a kan iyakar gona da damina ba? Ba shi ne ya bi ta bayan turke ana gobe abin zai faru, har da wani tari ba? To, me ya rage?

Saura jaka guda, ga ta da tsohon ciki. Ita ce ƙafar gidan, ita ke kai gero kasuwar Shinkafi daga Badarawa. In ta faɗi, sai dai Maccido ya ɗauka a ka.

Sai ya kwance ta daga turken gidan gado, ya ɗaure a ƙofar ɗakinsa. Shu'aibu ya aiko da dusa ta jaje, Maccido ya shinshina, ya kai bola da kansa. Ruwa ma shi ke jawowa. Ya rantse ba abin da zai shiga bakinta sai harawar da ya yanka da hannunsa.

Harawar kuwa a gurguje aka yi ta. Bana an ce 'yan bindiga sun kusa, ya yanke waken da sauran fure a jiki, ya tattake, ya ɗaure tamau, ya gudo gida.

Matarsa Barakatu ce ta kwance dami za ta miƙa masa, ta tsaya cak.

"Malam, dubi nan. Hangara ce cike da damen ga, duk ta murƙushe."

Ƙwari ne masu dogon jiki, irin masu cin furen gero da wake, sun bushe a tsakanin ganye.

"Matattun ƙwari? Mi za su yi?"

"Ƙwaron ga in an matse shi ruwa yake fitarwa, ya tashi fatar mutum kamar wuta. Shi ya sa ko kaza ba ta cin shi. Abin da ya ƙona fata, ina ga hanji? Babana ya ce ko ya bushe dafin na nan."

Maccido ya dube ta sama da ƙasa. Ikon Allah! Jiya ya gan ta tana dariya da matar Shu'aibu a bakin rijiya, yau ta zama lauyan Shu'aibu. Zuciyarsa ta yi baƙi ƙirin.

"Wa ya kitsa miki wanga zance?"

Ta saki damen, ta shige ɗaki ranta a ɓace.

Jakar ta shinshina harawar, ta kau da kai. Dabba ma ta fi shi wayo, wallahi! Amma Maccido ya ce ai tsoro ne ya kama ta. Ya jiƙa kanwa ya yayyafa, kamar yadda ake yi wa dabbar da ta ƙi ci. Ta ci, yana shafa mata wuya, yana harare-hararen katanga.

Kafin la'asar tana birgima, tana tsoma baki a ruwa ba ta sha, tana nishin fitsari sai jini. Maccido ya zabura waje, ya doki ƙofar ƙanensa kamar zai ɓalle ta.

"Ina Shu'aibu? Ya fito!"

Matar Shu'aibu ta leƙo a firgice. "Yaya, lafiya? Ai yana Ƙaura tun shekaranjiya."

Ya juyo gida a hankali. A ƙofar ɗakinsa jakar ta daina motsi, cikinta ne kawai ke shure-shure.