Kada In Yi Dariya

…kuma ba lalaci ba ne. Na faɗa, na sake faɗa, wa ya ji? Ina cikin daka sai in farka goshina bisa taɓarya. Ina sallar azahar — sujada ta biyu — sai in ji ana taɓa ni, wai har an kira la'asar.

Barcin ma da sauƙi. Dariyar ce.

Ni'ima, ɗiyata, watanta huɗu ranar. Ta kama mini hanci, ta yi wata 'yar ƙara, na tuntsire… gwiwoyina suka saki. Wuya ya langaɓe, hannuwa suka buɗe da kansu. Idona biyu fa. Ina jin ƙarar kanta bisa siminti, ina jin kukanta, ko yatsa na kasa ɗagawa. Tun ranar Inna, uwar mijina Shamsu, ke goyonta. Ban ga laifinta ba. Ni ma zan ba irina jaririya?

Iska ce, in ji su. Daga Illo muka tsallaka iyaka zuwa Madekali bisa mashin, malamin can yana tofi, hayaƙi ya cika ɗaki, na yi barci yana tsakar karatu. Ya ce aljanin ne ya ɓuya. Maƙwabta suka ce farfaɗiya ce. A gidan suna aka ware mini kofi.

Likitar Birnin Kebbi kaɗai — Dakta Folasade, Hausarta guntu-guntu — ita ta tambayi abin da ba wanda ya taɓa tambaya. "In kin yi dariya, jiki yana saki?" Wa ya gaya mata? Na fashe da kuka gaban Shamsu. Nakolefsi take zato, ciwo ne mai suna, ba ni kaɗai ba ce a duniya. Amma sai an gwada. A liƙa mini wayoyi a ka in kwana, washegari in yi ta ɗan barci har sau biyar suna dubawa. Na'urar babu ita nan, sai Ibadan ko Abuja. Ana warkewa? Ta sunkuyar da kai ga takarda. "Ana rage shi."

Ana rage shi…

Shamsu ya ce bayan girbin shinkafa. An girbe. An sake shukawa.

Ga Ni'ima can ta saki zanen Inna. Ƙafa ɗaya… ta biyu… tana tangaɗi, hannuwa sama, wajena ta nufo. Ciji leɓe, Sabuwa, na ce wa kaina. Tuna ranar da aka fita da gawar Baba. Tuna komai, kada dai ki yi. Ai zaune nake bisa tabarma, in na faɗi ina zan je? Amma fuskar. Wancan makon da bakina ya karkace, haɓa ta zube kan ƙirji, yarinyar nan ta yi ihu har ta shiɗe, kwana biyu ba ta yarda ta matso ba.

Uku… huɗu… ta iso. Ta dafa gwiwata, ta ɗago kai.

Ina jiran haƙoran nan biyu.

Babu.

Kallona kawai take, baki a ɗaure, goshi a tattare. Ɗazu fa a bayan Inna ƙyaƙyatawa take har da shaƙuwa. A wajena ne ba a yi. Ta riga ta sani. Shekara ɗaya da wata guda, wa ya koya mata… ni ce?

Hannunta da ɗumi. Ya kamata in ɗauke ta, yanzu, kafin — idanuna sun fara nauyi.