Allon Alhaji Ɗanmusa

Tun da mota ta banke Mufida a kan kekenta a hanyar makaranta, uwarta Daso, mai ɗinki a Bodinga, take roƙon a yi wa layinsu tudun rage gudu. Alhaji Ɗanmusa, mai neman kansila, ya ce ta bar masa.

Ranar Talata ya iso da maroƙa, aka kafa allo. Hotonsa ya cinye allon kaf, "A rage gudu" kuwa sai an duƙa ake karantawa.

"Hajiya, kin gani?" in ji shi.

Daso ta taɓe baki. "Na gani, ranka shi daɗe. Hular ta yi kyau."

Ya yi dariya, ya fizgi motarsa a guje, yara masu kekuna suka watse gefen kwata.