Jan Ƙarfen Malam Hamisu

"Ba ni jan," in ji Malam Hamisu.

Maje ya dubi ƙarafan nan uku da ya jera a kan tabarmar zaure. Kowanne ƙafafu biyu ne masu mariƙin katako da murɗaɗɗen sifirin a sama, irin waɗanda samari masu ɗaga ƙarfe suke matsawa a tafin hannu don damtse ya yi ƙarfi. Shi ya ƙera su a shagonsa na walda da ke bakin titin Gyaɗi-Gyaɗi, ya shafa musu fenti don a bambance su: rawaya mai laushi, kore matsakaici, ja kuwa sai ƙato.

"Baba, da ka fara da rawayan nan. Duk wanda na yi wa, da shi yake farawa."

"Na ce ka ba ni jan."

Maje ya miƙa masa. Tsohon ya damƙa, ya cije leɓe, jijiyar wuyansa ta tashi, amma ƙarfen ko motsi bai yi ba. Ya ajiye ya ɗauki koren, ƙarfen ya ɗan rusuna kaɗan ya tsaya. Rawayan ne ya kai rabi kafin yatsunsa su fara rawa.

Shekara talatin da biyu Malam Hamisu ya yi yana yanka a kwata. Bayan ya bar aiki ma, duk Babbar Sallah a ƙofar gidansa mutanen layin suke jera ragunansu, don an san wuƙarsa ba ta komawa sau biyu. Da damina ta bara ne abin ya fara. Wuƙa ta riƙa suɓuce masa, sai buta, sai maɓallin riga ya gagare shi. A asibitin koyarwa aka ce ciwon jijiya ne mai cinye tsoka, masu gashin ƙashi suka ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Ya dawo gida ya cilla ƙwallon bayan katanga, ya aika aka kira masa Maje, maƙwabcinsa na jikin gida, wanda a gabansa ya girma.

"Bar min su duka," ya ce yana haki. "Ranar da na haɗe jan nan, ranar zan ɗauki wuƙata. Saura wata biyu Sallah, ai da lokaci."

Bayan mako uku Saudatu ta zo shagon. Ita ce babbar 'yar Malam Hamisu, tana aure a Unguwar Gano, tana aikin jinya a wani ƙaramin asibiti a Tarauni. Ta tsaya nesa da tartsatsin wuta har Maje ya kashe inji ya cire baƙin tabarau, sannan ta buɗe jaka ta fito da jan ƙarfen.

"Yaya Maje, so nake ka sassauta wannan. Amma kada ya gane."

"Kamar yaya in sassauta?"

"Ya yi laushi yadda zai iya haɗe shi. Yanzu ko rawayan ba ya kai shi inda yake kai shi da. Kullum bayan asuba sai ya gwada jan nan, in ya kasa sai ya juya fuskarsa ga bango. Yau kwana uku bai ci tuwo ba. Inna ta yi roƙon har ta gaji."

"To in ya ci gaba da matsawa fa? Ƙarfin ba zai dawo ba?"

Ta girgiza kai. "Ni na raka shi wajen likita. Ba irin wanda yake dawowa ba ne. Shi ba mu gaya masa duka ba."

Maje ya juya ƙarfen a hannunsa. "Saudatu, wannan fa yaudara ce."

"Na sani. Amma ka zo ka ga yadda ya rame."

"Sallah fa? Kin ji abin da ya ce game da wuƙa."

"Kafin nan zan san yadda zan yi in hana shi. Yanzu dai ya ci abinci."

Da ta tafi Maje ya jima a zaune. Daga baya ya tashi ya kunce mariƙan, ya gasa sifirin ɗin a wuta har ya yi jawur, ya bar shi ya huce da kansa. Ƙarfen da aka yi wa haka ba ya ƙara yin taurin da. Ya sake shafa jan fenti, da ya bushe ya goga shi a ƙasa don kada ya yi sabunta. Aikin ya yi kyau, kuma kyan nasa ne ya fi damun Maje.

Washegarin zaɓen shugaban ƙasa, mutane sun cika ƙofar gidan Alhaji Bello, dattijon layin, ana sauraron sakamako a rediyo, sai ga Malam Hamisu ya fito yana dogara sanda. Rabonsa da zama a waje tun kafin azumi. Ya samu wuri a kan dakali, ya ciro jan ƙarfen daga aljihu, ya matsa har mariƙan biyu suka haɗu suka yi ƙara.

"Kun gani?" Ya sake matsawa. "Soja za su koma bariki, ni ma zan koma bakin aikina."

Aka yi ta dariya ana masa barka. Alhaji Bello ya ce lallai bana ragonsa ne na biyu a layi. Malam Hamisu ya nemo Maje da ido a cikin taron.

"Ga wanda ya yi aikin nan. Allah ya yi maka albarka, Maje."

Maje ya ce amin, kansa a ƙasa.

Tsohon ya koma cin abinci. Yakan fito hantsi ya zauna, ya yi gardamar siyasa da duk wanda ya tsaya, ya ce ya ga farar hula na farko ya ga na biyu, waɗannan ma zai zuba musu ido. Inna Ladi, matarsa, ta aiko wa Maje da kwanon dambu. Amma a tsakiyar Maris Saudatu ta sake dawowa da ƙarfen, ta ce ya fara gagararsa. Wannan karon Maje ya canza sifirin ɗin gaba ɗaya, ya sa na siririyar waya. Da ya gama ya gwada, yatsa biyu suka ishe shi.

"Kin yi masa maganar yankan?" ya tambaye ta.

"Na yi. Na ce likita ya hana. Ya ce likita ya zo ya haɗe jan ƙarfe tukuna." Ta gyara mayafinta. "Kai ka gwada. Yana jin maganarka."

Ranar jajiberin Sallah da la'asar Maje ya shiga zauren da niyyar faɗin gaskiya. Ya tarar da wuƙaƙe uku a shimfiɗe a kan buhu, an wasa su suna ƙyalli. Malam Hamisu yana zaune cikin sabuwar hula, aski sabo.

"Baba, da bana ka huta. Ka bar Alhaji Bello ya yi yankan, kai ka tsaya ka sa albarka."

"Bello? Mutumin da yake rufe ido in ya ga jini?" Ya yi dariya har da tari. Ya lalubo ƙarfen, ya matsa sau uku a jere a gaban Maje. "Kai da kanka ka ce wannan sai ƙato. Ko ba haka ka ce ba?"

Maganar tana bakin Maje. Ya dubi fuskar tsohon, ya ga ta ciko, ya ga yadda yake jiran amsa.

"Haka na ce, Baba."

"To gobe kai za ka riƙe min ƙafa."

Da aka sauko daga Idi aka ji liman ya yanka, raguna bakwai aka jera a ƙofar gidan. Aka fara da na maigidan, wani fari mai baƙin kunne. Maje ya kayar da shi ya danne ƙafafu, Alhaji Bello ya riƙe kai ya fuskantar da shi gabas. Aka taimaka wa Malam Hamisu ya durƙusa. Ya yi bisimilla da kabbara da muryarsa ta da, ya ɗora wuƙa ya ja.

Fata kawai ta tsage. Ragon ya zabura, wuƙar ta kuɓuce ta faɗi cikin ramin da aka haƙa don jini. Tsohon ya kai hannu ya ɗauko ta, ya sake ɗorawa, ta sake zamewa. Dabbar tana wani irin kuka tana shure-shure, ƙafarta ta samu Maje a ƙirji. A karo na uku yatsun Malam Hamisu suka ƙi rufuwa a kan ƙotar, yana ta tattara su da ɗaya hannun.

"Malam, kawo," in ji Alhaji Bello a hankali. Ya karɓa ya ƙarasa.

Malam Hamisu yana durƙushe yana kallon tafin hannunsa. Ɗaya bayan ɗaya masu raguna suka kwance igiyoyinsu suka ja dabbobinsu zuwa ƙarshen layi, kowa yana yi kamar wani abu ya tuna. Maje ya zo zai ɗaga shi, tsohon ya ce a kira masa Bello.

Kwana biyu bayan haka aka ce yana kiran Maje. Ya same shi a zaure a jingine da bango, jan ƙarfen a cinyarsa.

"Kana da wani jan a shago?"

"Akwai, Baba."

"Je ka ɗauko."

Maje ya je ya dawo. Tsohon ya karɓa da hannu biyu, ya matsa da iya ƙarfinsa. Bai motsa ba. Ya ajiye shi kusa da nasa, ya daɗe yana duban su, fenti ɗaya, mariƙi ɗaya.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin zaɓe."

"Wa ya sa ka?"

"Ni na yi, Baba. Na ga ba ka cin abinci."

Malam Hamisu ya gyaɗa kai. Bai ɗaga murya ba. "Da ni kaɗai ka yi wa, da na ce tausayi ne. Shekara talatin da biyu ban taɓa wahalar da dabba ba. Ita me ta yi maka?"

Ya tura wa Maje ƙarafan biyu.

"Kwashe su ka tafi."

Daga ranar bai ƙara fitowa dakali ba. Kafin ƙarshen Afrilu ƙafafu ma sun ƙi, aka mayar da shi ɗakin Inna Ladi. Maje yana shiga gaisuwa kullum da safe kafin ya buɗe shago. Yakan durƙusa a bakin ƙofa ya ce, "Baba, ya jiki?" Tsohon ya ce, "Da godiya," idonsa a rufin ɗaki. Iyakar abin da ke shiga tsakaninsu ke nan.

Wata rana ya haɗu da Saudatu a soro tana fitowa da kwanon wanke hannu.

"Na gaya masa ni na sa ka," ta ce.

"Me ya sa? Ai da kin bari."

"Ba zan iya ba." Ta gyara riƙon kwanon. "Ya ce ni 'yarsa ce, tsoro ne ya kama ni. Ya ce amma kai ka danne ƙafar ragon kana sane."

Ranar Maje bai iya aiki ba. Ƙofar ƙarfen da yake haɗawa sau biyu yana ɓata ta. Samari biyu suka zo sayen ƙarfen matsa hannu, suna gardamar ko kore za su ɗauka ko ja, ya ce musu ya daina yi.

A makon ƙarshe na Mayu ya shiga da safe ya tarar Inna Ladi ta fita ɗebo ruwan zafi. Tsohon ya zame daga kan matashi, wuyansa ya lanƙwashe, numfashi yana yi masa wuya. Maje ya yi gaisuwarsa ya miƙe zai kira ta.

"Maje." Muryar ta shige ciki, da ƙyar ake ji. "Gyara min zama."

Ya sa hannu ƙarƙashin hammatarsa ya ɗaga shi. Bai taɓa zaton mutum mai wannan tsawo zai yi rashin nauyi haka ba. Ya jingine shi, ya gyara matashin, ya ja masa riga ta rufe kafaɗa. Ya tsaya a tsugune yana jira ko akwai wata magana.

"Baba, ka yafe min."

Malam Hamisu ya dube shi, karo na farko cikin wata biyu. Leɓensa ya motsa, sai tari ya sarƙe shi. Inna Ladi ta shigo da sauri da kofi, ta ce Maje ya ɗan ba su wuri. Ya fita.

Ranar Alhamis da hantsi yana shago ya ji salati daga cikin layi. Ya kashe inji. Bayan azahar aka kai Malam Hamisu maƙabartar Tarauni, Maje yana cikin waɗanda suka shiga ramin suka karɓe shi. Da suka dawo gida ya so ya tambayi Saudatu ko mahaifinta ya ƙara ambatonsa, sai ya ga idonta, ya fasa tambayar.

Sadakar uku ta faɗo ranar Asabar, ranar da soja suka miƙa mulki. Daga shagunan bakin titi ana jin rediyo da ƙarar hon ɗin 'yan acaɓa, amma a ƙofar gidan Malam Hamisu an kafa rumfar tamfol, dattawa suna zaune a tabarmi ana ta addu'a. Wajen la'asar gari ya haɗe, iska ta taso, ruwa ya sauko da ƙarfi. Aka yi ta naɗe tabarmi ana shiga zaure, amma zauren bai ɗauki kowa ba, tsofaffi biyar suka rage a ƙarƙashin rumfar, Alhaji Bello yana ƙarasa addu'ar da ya fara. Tamfol ɗin ya tara ruwa ya yi ciki, sandar gefe ta fara karkata. Maje ya je ya tallafe ta da kafaɗa, ya ɗaga hannu ya riƙe bakin tamfol ɗin. Tsofaffin suka ci gaba da cewa amin. Ruwa yana bin hannun rigarsa yana gangarowa, yana ɗiga daga gwiwar hannunsa zuwa ƙasa.